Kafin a sa hannu a takardar sayen inji mai ƙwaƙwalwa

Maganarmu ta yau ta shafi wani abu da mafi yawanmu ba mu taɓa gani da ido ba, alhali kuwa sunayenmu da na ƴaƴanmu ta cikinsa suke bi. Abin nan shi ne ƙwaƙwalwar inji, wato ɗan fallen nan da ke cikin kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda muke faɗi a nan, wanda shi ne ke yin lissafi da tunani duka. Masana suna kiransa furosesa.

Dalilin ɗauko zancen shi ne, tun da aka yi dokar etasibil ta shekarar 2019, wadda ta buɗe hanyar ajiye rajistar haihuwa da aure da mutuwa a cikin inji, duk wata ma'aikata da ke riƙe da sunayen mutane, a gundumomi uku na birnin Maraɗi ne, ko a Tibirin Gobir, ko a Jiratawa, wata rana za ta wayi gari da takardu biyu a kan tebur. Ɗan kasuwa zai kawo su. Ta farko tana cewa a sayi inji na tebur mai ƙwaƙwalwa mafi ƙarfi da sauri. Ta biyu tana cewa a sayi babban inji irin wanda ake kira uwar garke, wanda sauran injuna ke ɗebo bayani daga gare shi. Shugaban ma'aikata, wanda watakila ya gwanance ƙwarai a aikin mulki amma bai taɓa buɗe cikin inji ba, shi ne zai sa hannu. Kuɗin kuwa na talakawa ne, daga harajin kasuwa da na kangaye da na ƴan tebur aka tara su. To, ba daidai ba ne a yi cinikin biri a sama da irin wannan dukiya.

Bari mu fara da bayanin abin da ake sayarwa. A shekarar 1971 kamfanin Intel na ƙasar Amurka ya fitar da ƙwaƙwalwa ta farko da aka sayar a kasuwa a falle guda, tana ɗauke da ƴan makullan lantarki 2,300. Ta yau tana ɗauke da miliyoyin dubbai. Da tafiya ta yi tafiya, sai masu ƙira suka raba ta gida biyu. Intel ya fitar da jerin Xeon a 1998 domin uwayen garke. Abokin gasarsa, kamfanin AMD, ya fitar da jerin EPYC a 2017 domin wannan aiki. A ɗaya gidan kuma akwai na tebur, irin su Core da Ryzen, waɗanda kowa ke ganin tambarinsu manne a jikin injin sakatare.

A cikin kowace ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi, kuma kowace ƙwaya tamkar magatakarda guda ce zaune da alƙalaminsa. Core i9-14900K, wadda ta fito a 2023, tana da ƙwayoyi 24, kuma mafi saurinsu na iya bugawa sau miliyan dubu 6 a cikin daƙiƙa ɗaya. EPYC mafi girma cikin waɗanda suka fito a 2024 tana da ƙwayoyi 192, amma kowace ɗaya ba ta kusa da wancan saurin ba. Ta tebur tana da ƙofa 2 da take kai da kawowa tsakaninta da allon da take rubutu a kai. Waccan EPYC tana da ƙofa 12. Akwai kuma wata a tsakani, Threadripper ta AMD, wadda ita ma ta soma fitowa a 2017: jikinta na uwar garke ne, amma an yi ta domin mutum guda mai aiki mai nauyi, kuma samfurinta na 2023 ya kai ƙwayoyi 64, har da wani mai 96.

Waɗannan alƙaluma su ne ɗan kasuwa zai karanto, kuma duk gaskiya ne. Sai dai ba su amsa tambayar ma'aikata ba.

Wanda ya san Jiratawa ya riga ya san amsar, ko da bai taɓa karatun inji ba. A filin noman rani da aka shimfiɗa can a farkon shekarun 1980, mai faɗin hekta fiye da 500, ruwa yana fitowa ne daga rijiyoyin foraj da famfunan lantarki, kuma famfo guda yana shayar da gonakin mutane da yawa bi da bi. Ba a nemansa da gudu. Ana nemansa da juriya, domin in ya tsaya kwana uku a tsakiyar bazara, zogalen gidaje masu yawa ne zai yi yaushi. A gefe guda ga mai lambu a bakin gulbi da ɗan injin ban-ruwansa na fetur, ya tayar da shi da safe, ya shayar da fangalinsa cikin hanzari, ya kashe, ya ɗora a amalanke ya koma gida. Babu mai hankalin da zai tambaya wanne ya fi wani. Wanda ya haƙa foraj domin fangali goma ya yi ɓarnar dukiya. Wanda kuma ya rataya rayuwar ƙungiyar manoma a kan ɗan injin fetur ya yi ganganci. Hakanan yake ga ƙwaƙwalwar inji. Ta tebur an yi ta domin mutum guda, a kunna da safe a kashe da maraice. Ta uwar garke an yi ta domin jama'a, ta yi aiki dare da rana shekara da shekaru.

Amma akwai wani bambanci da ba ya bayyana a cikin ƙidayar ƙwayoyi, kuma a ganinmu shi ne ya fi kowane nauyi ga wanda ke ajiye rajista. A nan za mu ɗan dakata.

Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya tuna ranar da malami ya nuna masa cewa ƴar lanƙwasa guda a kan harafi ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa. Almajiri ma ya san ɗigo guda a ajami yana mai da wani harafi wani. To, inji ba ya rubutu da komai sai da ɗigo: akwai ko babu, 1 ko 0. Yayin da yake aiki, yana rubuta waɗannan ɗigogi a kan wani allo na wucin gadi, wanda ake wankewa da zarar wuta ta ɗauke, kafin a mayar da su cikin faifan ajiya. Lokaci lokaci, saboda lahani a jikin allon ko wani tartsatsi daga sararin sama, ɗigo guda yakan juye da kansa, ba tare da wani ya taɓa shi ba. Injin tebur na yau da kullum ba ya sanin an yi haka. Zai ɗauki kuskuren ya adana shi a faifai, ya buga shi a takarda, a sa masa hatimi.

Maganin wannan ciwo tsoho ne. A 1950 wani masanin lissafi na Amurka, Richard Hamming, ya wallafa hanyar da inji zai ƙara ƴan ɗigogin shaida a kan kowane rubutu, yadda in ɗaya ya juye zai gane wurin ya gyara. Allon da ke aiki da irin wannan dabara shi ake rubuta wa haruffa uku, ECC, kuma shi ne ƙa'ida a cikin uwayen garke. Kada a ce wannan tsoro ne na masana kawai. A 2009 aka wallafa wani bincike a kan injunan kamfanin Google, wanda ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na injunan suna samun irin wannan kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara. A 2003 kuma, a zaɓen da aka yi da inji a garin Sharbek na ƙasar Beljiyam, wata ƴar takara ta wayi gari da ƙarin ƙuri'u 4,096 da babu wanda ya jefa mata. Adadin ya yi daidai da abin da juyewar ɗigo guda ke haifarwa, kuma abin da masu bincike suka fi zato ke nan. An gane ne kawai domin ƙuri'un sun wuce abin da zai yiwu.

Yanzu a sauko da maganar gida. Lambar da ta juye ba ƙuri'a ba ce, shekarar haihuwar wata yarinya ce ƴar Tibiri. Ba wanda zai lura sai bayan shekara goma sha biyar, ranar da za a rubuta sunanta a jarrabawar BEPC, a tarar takardar lakwal da ta etasibil sun saɓa. Daga nan uba zai soma zirga-zirga, daga meri zuwa gidan shari'a, da kuɗin mota da na tambur, ya bar gonarsa da kasuwarsa, kuma kowa zai ɗora laifin a kan magatakarda wanda bai ji ba bai gani ba. Ko kuma lambar fili ce a unguwar da ake rabon filaye, magada biyu su tashi da takarda iri ɗaya. Saurin inji ba ya biyan wannan asara. Saboda haka muke cewa, duk injin da zai zama rumbun rajista, sharaɗinsa na farko allo mai gyara kuskurensa. A kula kuma: sabon allon da ake kira DDR5 yana da wani ɗan gyara na cikin gida, kuma wasu masu talla sukan fake da shi, wannan ba shi ne cikakken ECC ba, a nemi a rubuta cikakken a takardar kwangila.

Uwar garke ta gaskiya tana da wasu kariya bayan wannan. Tana da mashigar wuta biyu, in ɗaya ta ƙone ɗaya ta riƙe. Tana rubuta abu guda a faifai biyu ko fiye, kuma ana iya zare wanda ya mutu a sa sabo ba tare da an kashe ta ba. Ma'aikaci yana iya duba lafiyarta daga nesa, yana Maraɗi ita tana wani gari.

To, in haka ne, me zai hana kowace gunduma ta sayi babbar uwar garke a huta? Abin da zai hana shi ne ƙasar da muke zaune a cikinta.

Ƙwaƙwalwa tana cin wuta, kuma duk wutar da ta ci zafi take zama. Threadripper ɗin nan mai ƙwaya 64 an ƙayyade mata wat 350. Babbar EPYC ta kai wat 500, ita kaɗai, ba a lissafa faifai da fankoki ba. Mu yi lissafin da ɗan firamare zai iya: injin da ke jan wat 500 dare da rana yana cin kilowat 12 a yini, wato 4,380 a shekara. Sa'an nan sai a ƙara na'urar sanyaya ɗaki, domin masana harkar suna shawartar a riƙe ɗakin irin waɗannan injuna tsakanin digiri 18 da 27, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Maraɗi yana haura 40. In bazara ta wuce, hunturu ya zo da ƙurarsa, wadda ke shiga ta kowace kafa ta toshe numfashin inji. Kuran ɗin kanta fa? Jiharmu ta daɗe tana shan wutar da ke zuwa daga Nijeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar daga can saboda takunkumin CEDEAO, aka shafe watanni kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A waɗannan watanni an ga ko wane ne ya yi tanadi. Injin da aka ƙera domin kada ya tsaya ko da minti ɗaya, in aka ajiye shi a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, an sayi juriyar da ba za a mora ba. Kuma yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana lalata rajista fiye da juyewar ɗigo.

Mai wannan rubutu ya taɓa shiga wani biro, ba sai an faɗi inda yake ba, ya tarar da wata uwar garke da wani shirin taimako ya bari. Tana kan tebur kusa da taga, fankokinta suna ruri kamar injin niƙa, har sai an ɗaga murya ake jin juna. Da aka tambayi aikin da take yi, sai aka ce wasiƙu ake bugawa da ita. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun bara, wanda ya san sirrin injin kuma ya tafi tare da shirin. A wani biron dabam, akasin haka aka gani: sunayen dubban mutane suna cikin injin tebur guda, na wani ma'aikaci, wanda in ya tafi jana'iza ƙauye sai ya kulle shi, aikin kowa ya tsaya. Duka biyun kuɗi aka kashe, kuma duka biyun ba a tambayi aikin ba kafin a saya.

Akwai wani tarko kuma da ya kamata ƴan kwamitin saye su sani. Tsofaffin uwayen garke da kamfanonin Turai da Amurka suka sallama suna shigowa kasuwanninmu, ta Kano ko ta Kwatano, da araha mai jan hankali, da tambarin Xeon a goshi. Sunan gidan ba ya nuna shekaru. Xeon da ta shekara goma sau da yawa ƙaramar ƙwaƙwalwar tebur ta yau tana wuce ta a aiki, ga shi kuma ta fi cin wuta nesa ba kusa ba. A tambayi shekarar fitowarta. A kuma tambayi kuɗin lasisi, domin tun daga fitowar 2016, Windows na uwar garke ana biyan lasisinsa ne bisa yawan ƙwayoyi: wanda ya sayi ƙwaya 64 alhali 8 sun ishe shi, zai biya haƙƙin magatakarda 56 da ke zaune ba aiki. Tsarin Linux ba ya neman wannan kuɗi, amma yana neman wanda ya iya shi.

Ita ma ƙwaƙwalwar tebur mai tsananin gudu ba ta rasa nata ba. A 2024 kamfanin Intel da kansa ya amsa cewa wasu daga manyan Core na zubi na 13 da na 14 suna samun tangarɗa saboda ƙarfin lantarkin da suke nema ya yi yawa, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Wannan mutunci ne daga kamfani. Sai dai garantin da za a bi ta Yamai, a bi ta jirgi, a jira wata da watanni, bai hana layin mutane tsayuwa a ƙofar etasibil ba. Dokin da aka yi kiwonsa domin sukuwar salla ba shi ake ɗora wa kayan fatauci ba.

Ga abin da muke gani ya dace, kuma muna faɗinsa ne da ladabi ga magabata da masu riƙe da ragamar gundumomi.

Magatakardan da ke karɓar sanarwar haihuwa a Tibiri ko Jiratawa ba ya bukatar Core i9, balle Threadripper. Injin tebur matsakaici, ko ma na hannu mai batir a jikinsa wanda ba ya mutuwa da ɗaukewar wuta, ya ishe shi har ya yi saura. In gundumar tana da magatakarda huɗu ko biyar da ke aiki a kan rajista ɗaya, sai a ajiye musu ƙaramar uwar garke. Irin wannan akwai ta: Intel yana da ƙananan Xeon, AMD kuma ya fitar da EPYC 4004 a 2024, daga ƙwaya 4 zuwa 16, waɗanda kusan jinin na tebur ne amma suna aiki da allon ECC, kuma ƙananansu ba sa cin wutar da faranti kaɗan na hasken rana da batura ba za su iya ɗauka ba. Babbar uwar garke mai ƙwayoyi da yawa wurinta ɗaya ne a jiha, a birnin Maraɗi, cikin ɗaki rufaffe mai sanyi, da gurup da gazuwal ɗinsa, da ma'aikaci wanda aikinsa ke nan ba wani ba. Gundumomi su riƙa aika mata kwafi. Gara ɗaki ɗaya da ake kula da shi da kyau da goma da aka bar wa ƙura.

Ƙwaƙwalwar tebur mai ƙarfi kuwa tana da masu ita, kada a ce mun kore ta. Malamin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa ko nazarin hotunan tauraron ɗan Adam na gonaki, da mai zanen taswirar filaye, da mai haɗa fim ko shirin talabijin, waɗannan mutum guda ne a gaban aiki mai nauyi, kuma kowace awa da inji ya rage musu riba ce. A ba su. Amma a rubuta sunan aikin a takardar neman kuɗi, kada ya zama ado a biron shugaba.

Abin da ya rage daga kuɗin da aka tsimi ta wannan hanya yana da wurin zuwa, kuma a ganinmu shi ya kamata a fara rubutawa a kasafi kafin sunan kowace ƙwaƙwalwa: ondular da zai riƙe inji har a rufe shi lafiya, da baturan canji domin zafinmu yana gajarta musu kwana, da sandar kariya daga tsawa saboda damina, da faifan kwafi. Faifai biyu da ke cikin inji ɗaya ba kwafi ba ne, domin wuta ko ɓarawo ko ruwa tare za su tafi da su. Dattawan Maraɗi sun ba mu labarin ambaliyar 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon gari har aka tashi aka koma kan tudu. Abin da aka ajiye wuri ɗaya, wuri ɗaya ya tafi. Kwafin rajistar Jiratawa ya kwana a Maraɗi, na Maraɗi ya kwana a wani gari, kuma manyan littattafan takarda da ake rubutawa da hannu a ci gaba da adana su a kabad mai makulli.

Sai ma'aikaci. Jami'armu da makarantun koyon sana'a suna yaye samari da ƴan mata da suka karanci wannan fanni, da yawansu suna gyaran salula a bakin kasuwa domin rashin wurin aiki. Gunduma uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum guda, da babur, ya riƙa zagayawa kowane mako yana share ƙura, yana gwada batura, yana kuma buɗe kwafin ya tabbata ana iya karanta shi. A sa albashinsa cikin kasafin kowace shekara, a layi ɗaya da kuɗin kuran da na gazuwal, kuma a ba shi kujera a kwamitin saye ranar da ɗan kasuwa zai kawo takardunsa biyu.